Filin Gareji: Motar da Ke Mutuwa Duk Sanda Za a Tsaya

Wasiƙun da suka taru mana wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi: mota mai kuloci tana gudu lafiya lau a kan titi, amma da an iso danja ko shataletale aka rage gudu, sai injin ya ɗauke. Mun tsamo guda bakwai daga ciki, don kowacce da irin nata ciwon.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya da Toyota Carina E a cikin gari. Wata biyu ke nan, duk sanda na taho na taka kuloci zan tsaya, sai allurar da ke nuna juyin injin ta faɗi ƙasa motar ta mutu. Ina murza makulli take tashi, kuma a doguwar hanya ba ta da matsala. An canza fulogi, an canza famfon mai, an wanke nozul, kuɗi sun tafi ciwo na nan. Yanzu bakanike ya ce a sauke giyabos a canza kuloci. In yarda?
Direban tasi, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari a taɓa giyabos ɗin nan tukuna. Da bakinka ka wanke kuloci daga zargi, tunda ka ce sai ka taka shi motar ke mutuwa. Aikin kuloci shi ne raba injin da giya. Da zarar ka danne shi har ƙasa, injin ya zama shi kaɗai, ba ya jan komai. In ya mutu a haka, to riƙe kansa ne ya kasa, abin da masu gareji ke cewa mota ba ta da silo. Farantin kulocin da ya cinye ma ba ya kashe mota. Sulɓi yake yi, ka ba da wuta injin ya yi ta kuka motar ba ta gaba. Shi ma famfon mai an zalunce shi. Famfon da ya raunana a kan hawa yake tona kansa, ko wajen wuce babbar mota, lokacin da injin ke neman mai da yawa. A silo kuwa ɗan kaɗan ake bukata, ko famfo mai rabin rai zai bayar.

Ga abin da ke faruwa cikin 'yan daƙiƙun nan. In kana tafe a giya ta huɗu ka ɗaga ƙafa daga totur, tayoyi ne ke juya injin. Kwamfutar motar, wadda ake kira birin bos, takan yanke wa nozul mai gaba ɗaya a lokacin, sai juyin injin ya sauko wajen 1,200 zuwa 1,500 a minti ta mayar. Kana taka kuloci tayoyi sun saki injin, allura ta taho ƙasa a guje, kuma dole a tare ta a wajen 750 ko 800. Farantin totur, wanda ke buɗe wa injin hanyar iska, a rufe yake ruf, don haka iskar da za ta tare ta ta wata 'yar ɓarauniyar hanya take bi, wadda wani ƙaramin bawul ke buɗewa da rufewa bisa umarnin kwamfuta. Shi ne bawul ɗin silo. A injin 4A-FE da 7A-FE na Carina E yana manne a ƙarƙashin bakin injekta, wato gidan farantin totur, da 'yan tiyo biyu na ruwan lagireto suna shiga jikinsa. Tururin baƙin mai da ke dawowa ta tiyon numfashin injin yana haɗuwa da ƙurar da ta kuɓuce wa matatar iska, su zama baƙin danƙo kamar kwalta. Bawul ɗin bai mutu ba, nauyin jiki ya yi. An ce masa buɗe, kafin ya motsa allura ta riga ta kai ƙasa.

Kafin ka kashe ko naira ɗaya, nemi titin da babu kowa, injin ya yi zafi sosai. Ka ɗauki gudun kilomita 40, ka taka kuloci kaɗai, kada ka taɓa birki, idonka a kan allura. Ka sake yi, wannan karon ka sa ta a firi ka saki kuloci ta gangara da kanta. In ta mutu a duka biyun, ba laifin kuloci ba ne, ba laifin birki ba ne, silo ne. Sai ka tsaya cak a firi, ka taka birki da ƙarfi sau biyar a jere. In nan ne injin ya fara rawa, duba amsar da muka ba direban Hiace a ƙasa. Kana nan a tsaye, kunna fitilun gaba da esi, ka murza sitiyari har ƙarshe. Lafiyayyen bawul zai bar allura ta ɗan nutsa ta dawo nan take. Na ƙarshe, a firi dai, ka taka kuloci a hankali kana saurare. In silo na tsaye daram amma kana dannawa allura ta sauka da 200 ko fiye, ga gurnani daga wajen giyabos, to akwai boris ɗin kuloci da ya kama, ko kuma waso ɗin da ke tare karanshaf daga gaba da baya ya cinye. A zura liba a bayan fulin karanshaf a gwada turawa. Wasansa bai kamata ya wuce milimita 0.3 ba, abin da ido da kyar yake gani. A nan ne kaɗai bakanikenka zai yi gaskiya, kuma ba kasafai ake samun haka ba.

Wankin ba shi da wuya, amma gaggawa na ɓata shi. Injin ya huce. A tanadi sifana 10 da 12, gwangwani ɗaya na feshin wanke kafireto, tsohon burushin haƙori, tsumma mai tsabta, da sabon gasket. A cire babban tiyon iska, a leƙa: za ka ga baƙin zobe daidai inda bakin farantin ke kwanciya. Masu sauri a nan suke fesawa su mayar, kwana uku ciwo ya dawo, domin feshin bai kai ga bawul ba. A zare soket, a matse tiyon ruwan nan biyu da filaya kafin a cire su, a kwance noti huɗu a fito da bakin injektan gaba ɗaya a ɗora kan tebur. Sukurorin da ke riƙe da bawul ɗin kansu taushi ne da su, ga su a ɗaure tamau. A sa sukudireban duka, in ba haka ba kan zai cinye a koma neman mai walda. A fesa cikin ramin a goga har ƙarfen da ke juyawa a ciki ya riƙa motsi da ɗan yatsa ba tare da cijewa ba. Kada feshi ya shiga ɓangaren wayar, kada a kankare da waya ko sanfefa. A mayar da sabon gasket, ba gam ba, don gam yakan tsattsafo ciki ya toshe hanyar da aka sha wahalar buɗewa. Tashin farko za ta yi hayaƙi, silo ya hau sama. A bar ta ba a taɓa totur ba har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, sannan a zaga da ita.

Akwai wani ɗan sukuru a gefen farantin totur, galibi da ɗigon fenti a kansa daga kamfani. Shi ne abin da hannun bakanike mai gaggawa ke fara kaiwa, ko kuma ya ja wayar totur ta yi tsauri, ya ce ya ƙara maka silo. Motar za ta daina mutuwa kam, amma sensar totur ta daina gaya wa kwamfuta cewa ƙafa ta sauka. Daga nan sai shan mai, sai silo mai hawa da sauka, sai giya ta riƙa ƙara wajen shiga. Wayar totur tana bukatar ɗan sako-sako, milimita biyu ko uku. In an riga an taɓa maka su, a mayar yadda suke kafin a yanke hukunci kan wankin.

In an wanke ba ta daina ba, iska ce ke shiga ta inda ba a gayyace ta ba. Zafin ƙasarmu yana busar da 'yan tiyon roba da ke jikin manifol, wato bututun da ke raba wa injin iska, su tsattsage, galibi a daidai wuyansu. A silo, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana matsewa da filaya. Wanda aka matse injin ya daidaita, shi ne ɓarawon. Wasu feshin kafireto suke bi da shi suna sauraron inda injin zai canza murya. Yana aiki, amma fesa abu mai kamawa da wuta kusa da salansa mai zafi ba wasa ba ne, sai da abin kashe gobara a hannu. Carina E ta riga zamanin na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, amma tana faɗin ciwonta. A ƙaramin akwatin gwaji da ke cikin bonet, a haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, a buɗe makulli ba a tayar ba, a ƙirga ƙiftawar fitilar cek injin. Lamba 22 sensar zafin ruwa ce, 31 ta iskar manifol, 41 ta totur, 42 ta gudu.

Tambaya: Da otomatik na koyi tuƙi, yanzu maigida ya ba ni Honda Civic mai kuloci. In zan tsaya sai ta yi ta girgiza tana fizga, sannan ta mutu. Shi ya ce ƙafata ce, ni kuma ina ganin motar ce.
Ma'aikaciyar jinya, Kaduna

Amsa: Hajiya, girgizar da kika ambata tana goyon bayan maigida. Injin da ya rasa silo shiru yake mutuwa, sai dai ki ga jajayen fitilu sun kama. Wanda ke fizga kafin ya mutu kuwa tayoyi ne suka shaƙe shi, don har lokacin yana haɗe da giya. A giya ta huɗu, gudun kilomita 15 yana tilasta wa injin juyi wajen 500 a minti, ƙasa da abin da zai rayu a kai. Ki fara da birki, ki bar kuloci a sake, in allura ta sauko wajen 1,000 zuwa 1,200 ki danne shi har ƙasa, ki ƙarasa tsayawa da birki. Kada kuma tsoro ya sa ki riƙa taka shi tun daga nesa, don kin hana injin taya birki aiki ke nan. Ki duba kujera: in kin kai feda ƙasa, gwiwarki ta kasance da ɗan lanƙwasa. Wanda ya fi ki tsawo in ya tuƙa ya bar kujera a baya, yatsun ƙafarki ne kawai za su kai, kulocin bai gama rabuwa ba. Ki leƙa kafet ma, yakan tattare a ƙarƙashin feda ya cinye rabin inci.

Amma kada a ɗora miki laifin mota. A wuri mai shimfiɗe, injin na aiki, ki danne kuloci ki ƙirga biyar, ki sa ribas. In ta yi ƙara ƙarrr, ko kin sa giya ta ɗaya kin saki birki motar ta fara rarrafe alhali ƙafarki na ƙasa, kulocin ba ya sakin injin gaba ɗaya. Wata shaidar: giya na shiga sumul in injin a kashe yake, tana gardama in yana aiki. Yawancin Civic da mai suke tura kuloci, akwai ɗan kofinsa kusa da na birki, man birki DOT 3 ko DOT 4 ake zubawa. Ki taka feda sau biyar da sauri ki sake gwada giyar. In ta shiga, iska ce a layin, ko robar masta, wato kulocin sama mai turo man, ta gaji. A leƙa saman feda ta cikin mota, in akwai danshin mai a jikin sandar, kulocin sama ne ke yoyo. A janye robar na ƙasa da ke jikin giyabos, in mai ya zubo, shi ne. Ana canza su a fitar da iska ba tare da an sauke komai ba. Sai waɗannan sun fita lafiya ake maganar farantin da ya lanƙwashe.

Tambaya: Hiace ɗina mai fetur ce. A firi tana silo lafiya, ko awa za ta yi. Amma in na taka birki da ƙarfi sai injin ya yi rawa ya mutu, kuma ina jin huci kamar na maciji a wajen ƙafata. Birkin ma ya yi tauri.
Direban bas, tashar Katsina

Amsa: Malam, wannan motar kada ta ɗauki fasinja gobe. Sabo ɗin birkinka ne ya fashe, wato baƙar tukunyar nan da mastan birki ke ɗaure a jikinta. Ƙarfin da take ƙara wa ƙafarka daga zuƙar injin take samunsa, ta wani tiyo mai kauri da ya taho daga manifol. A cikinta akwai faffaɗar roba. In ta yage, kana taka birki iskar waje za ta kwarara cikin manifol, man da ke shiga a silo ya yi mata kaɗan, injin ya shaƙe. Hucin da kake ji iskar ce.

Tabbatarwa minti uku ce. Injin a kashe, taka birki sau biyar har ya yi tauri, riƙe shi, tayar da mota. Lafiyayyen sabo zai ja fedar ta ɗan nutsa ƙarƙashin ƙafarka. Bar injin ya yi minti biyu ka kashe, ka taka sau uku a hankali: na farko ya yi zurfi, na biyu ya fi shi tsayawa sama, na uku ya fi. In tun na farko dutse ne, iska na zurarewa. Sai wani ya matse tiyon da filaya kai kuma ka taka birki a silo. In injin bai ko motsa ba, magana ta ƙare. Kafin a sayi tukunya a duba tiyon kansa da ɗan bawul ɗin da ke kansa, wanda iska ke bi ta gefe ɗaya kawai. A cire a hura ta kowane baki, in ta wuce ta duka biyun ya lalace, kuma kuɗinsa kaɗan ne. In an cire masta aka ga man birki a cikin tukunyar, robar bayan mastan ce ta yi yoyo ta cinye ta sabo, dole a canza su tare, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta bi. Alamarsa man birki na raguwa ba a ganin inda yake zuba.

Muna jin wasu na toshe tiyon da kusa su ci gaba da lodi. Injin zai daidaita, amma birkin bas mai mutum goma sha takwas ya koma ƙarfin cinyar direba kaɗai. Masu Hiace mai dizal kuma su sani wannan ciwon ba ya kashe nasu injin, domin famfo daban ke ba sabonsu zuƙa.

Tambaya: Peugeot 406 ce, haɗin Kaduna. Wani lokaci malejin gudu sai ya faɗi sifili ina cikin tafiya, ya dawo da kansa. Na lura ranar da ya yi haka ne take mutuwa a shataletale. Akwai alaƙa?
Malamin makaranta, Zariya

Amsa: Malam, ka yi rabin aikin bakanike da wannan lura. Akwai alaƙa. A yawancin 406, sensar da ke jikin giyabos ita ke ba maleji labarin gudu, ita ce kuma ke ba kwamfutar injin. Kwamfuta na riƙe silo ɗan sama muddin ta san mota na gangarawa, sai an tsaya ta sauke shi. In labarin ya yanke, ba ta shirya tarar allura ba. A fara da soket ɗin mai waya uku, don yana wurin da mai da ruwan wanki ke taruwa, ga zafin salansa kusa. A wanke a busar, a duba ko wayar ta goge a jikin ƙarfe. In an jona na'ura aka ga P0500, ta tabbata.

In maleji ya daidaita motar ba ta daina ba, saura ɗan motan silo da ke jikin bakin injekta, mai sukuru biyu da waya huɗu. A goge kansa da ramin da yake shiga, amma kada a ja tsinken ko a murɗa shi da hannu, kada kuma a buɗe makulli yana waje, tsinken na iya fitowa gaba ɗaya. Bayan an mayar, a buɗe makulli daƙiƙa goma a rufe, sau biyu ko uku, kafin a tayar, don ya nemo mazauninsa.

Tambaya: Ina da 504 a-kori-kura mai kafireto, ina ɗaukar kaya zuwa kasuwannin ƙauye. Sai na riƙe totur da ƙafa take zama a kunne. Yawanci man kwalba nake sha a hanya.
Ɗan kasuwa, Maraɗi

Amsa: Alhaji, a kafireton Solex na 504 man silo ta wani ɗan ƙaramin bututu nasa daban da ake kira jet yake bi, raminsa wajen rabin milimita. Ƙwayar yashi ɗaya daga man kwalba ta ishe shi. Da ka taka totur babban jet ya karɓi aiki, shi ya sa take zama. A kwance jet ɗin silo daga gefen kafireto, a ɗaga shi sama a hango haske ta ciki, a hure da iskar famfo, a hure ramin da ya fito ma. Kada a zura masa waya, ramin zai faɗaɗa motar ta koma shan mai har abada. In naka mai waya ne a bayansa, a buɗe makulli a cire wayar a mayar; in ba a ji ƙas ba, ko wuta ba ta zuwa ko ya ƙone, kuma a rufe yake zama. A sa matatar mai ta roba mai nuna ciki kafin famfo, a riƙa dubawa.

In kuma a tsaye tana silo, sai an ja birki da ƙarfi take mutuwa, a duba fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kofin kafireto yana tsayar da shigarsa in ya cika. Mai na tunkuɗowa gaba a cikin kofin kafireto lokacin birki. In allurar fulot ba ta rufewa, man ya yi yawa ya malala cikin injin: za ka ji warin fetur, ka ga baƙin hayaƙi, kuma ba ta tashi sai ka danne totur har ƙasa.

Saitin sukurori shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. A fara gyara tazarar kwantak zuwa milimita 0.4, a duba fulogi da tayamin da tafet. Injin ya yi zafi. A murɗa sukurun gaurayar mai ciki a hankali har ya taɓa, ba a matse ba don bakinsa tsini ne, a dawo da shi juyi biyu. Daga nan a riƙa motsa shi kwata-kwata har a sami inda injin ya fi sauri da santsi, sannan a sauke gudun da ɗaya sukurun zuwa wajen 850. In an murɗa na gaurayar ko'ina injin bai kula ba, a kama sandar farantin totur a girgiza. Tsofaffin kafireto nan suke cinyewa su riƙa shan iska, kuma babu saitin da ke gyara wannan, sai bushi ko wani kafireton.

Tambaya: Golf 3 ce mai nozul ɗaya. Da rana da sauƙi, amma da dare in fitilu na kunne tana yawan mutuwa a cunkoso. An cire mata tamostat, an haɗa fanka kai tsaye tun da na saye ta.
Ɗalibi, Sakkwato

Amsa: Ɗan'uwa, abu biyu muke zargi, ka fara da wanda ba ya cin kuɗi. A wannan injin, gidan nozul ɗin yana zaune ne kan wata kaurarar roba da ta haɗa shi da manifol. Takan tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, in an taka birki injin ya sunkuya tsagar ta buɗe. A silo, kama gidan da hannu ka ɗan tura shi gaba da baya. In murya ta canza ko ta mutu, roba ce, a sa sabuwa, gam ba ya riƙe ta. A gefensa akwai ɗan motan da ke tura totur a silo, da makunni a kan tsinkensa. In wayar totur ta yi tsauri hannun totur ba ya sauka a kansa, kwamfuta ba ta san an zo silo ba.

Na biyu wuta. Rewaya ya sa mita a batir: a kashe volt 12.4 zuwa 12.6, a silo 13.8 zuwa 14.4. A kunna fitilu da duk abin da ke akwai. In ya sauka ƙasa da 13, a duba fambel da burushin caji. A auna tsakanin jikin injin da kan batir na nagatif, in ya wuce 0.2 wayar as, mai haɗa batir da jikin injin, ta yi tsatsa. Fankar da aka haɗa kai tsaye tana jan wuta dare da rana, caji kuma daga wuyan injin yake karɓar ƙarfin, daidai lokacin da injin ya fi rauni. Cire tamostat kuwa yana hana injin kaiwa zafin da aka gina shi a kai, wajen digiri 90. Kwamfuta na ganinsa da sanyi tana ta ƙara mai, fulogi na yin baƙi, silo na lalacewa. Mun san zafin Sakkwato, amma maganinsa wanke lagireto da murfi mai kyau da makunnin fanka mai aiki. A mayar da tamostat, a auna sensar zafin ruwa: om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, wajen 300 a digiri 80.

Tambaya: Tawa Opel Vectra ce. Sai ta yi zafi a cunkoso take mutuwa, kuma ba ta tashi sai ta huta minti ashirin.
Mai karatu, Gombe

Amsa: Malam, taka ta fita daga sahun sauran. Ciwon silo ba ya hana mota tashi nan take. Wani abu ne mai waya a ciki ke yankewa in ya ɗauki zafi, ya haɗe in ya huce, kuma a cunkoso ne cikin bonet ya fi zafi don babu iskar gudu. Gwajin sai a daidai lokacin da ta ƙi, in ta huce komai lafiya zai nuna. Buɗe makulli ka kasa kunne wajen tanki yayin da wani ke ba da sitata. In babu kukan famfo, a taɓa rile ɗinsa, wato ɗan makunnin da ke sakar masa wuta, a musanya shi da wani irinsa a gani. Dubi allurar injin lokacin da sitata ke juyawa. In ta kwanta ko motsi babu, kuma an zare wayar fulogi an sa wani fulogin a jikin ƙarfe ba tartsatsi, sensar karanshaf ce kan gaba, a motocin da ke karɓar na'ura lambarta P0335. In allura na ɗan rawa amma tartsatsi babu, kwayil ne. A bi wayar sensar tun daga soket har ƙasa kafin a sayi sabuwa, domin a wasu injinan Vectra kusa da fambel da salansa take wucewa, kuma sau da yawa rigar wayar ce ta narke.